Matan da Aka Ce Suna Jin Hausa a Wakanda

A watan Janairun da ya wuce, lokacin da sanyin Agadas ke sa yara shigowa aji a ƙudundune, na kama wani ɗalibina na ajin ƙarshe na lise yana karanta wani abu a ƙarƙashin tebur. Na miƙa hannu, ya ba ni ba musu. Littafin labari ne cikin zane, irin wanda mu nan muke kira bede, fassarar Faransanci, bangonsa ya sha hannu har ya yi laushi. Yayansa ne ya zo masa da shi daga Yamai. Na jefa shi cikin jakata kamar yadda malamanmu suka riƙa yi mana, na ce ya zo ƙarshen mako ya karɓa.

Da dare na buɗe shi don in ga abin da ya fi darasina daɗi. Labarin Black Panther ne, sarkin wata ƙasa ta almara mai suna Wakanda. Babin farko shi ne fitowa ta 1 ta jerin da kamfanin Marvel ya fara bugawa a Amurka a 1998, Christopher Priest ya rubuta, Mark Texeira ya zana. Ban yi nisa ba na ci karo da abin da ya sa na gyara zama. Sarkin yana tafe da ƴan mata biyu masu tsaron lafiyarsa, Okoye da Nakia, ana kiran ƙungiyarsu Dora Milaje. Labarin ya ce ba sa magana da kowa sai sarki, shi ma ɗin da Hausa kawai. Hausa dai tamu, wadda ake cinikin raƙumi da albasa da ita a kasuwar Agadas.

Ban jira ƙarshen mako ba. Washegari bayan an tashi na tambayi su wa suka karanta littafin, hannu bakwai suka tashi. Na ce su zauna su faɗa mini yadda suka gan shi. Da farko sun ɗauka tarko ne, sai da na rantse ba maki a ciki kuma ba horo.

Wata yarinya ce ta fara. Ta ce, “Mushe, ai ba gaskiya suka faɗa ba. Na bi shafi-shafi, ban ga Hausar ba. Kuma wace Bahaushiya ce za ta buɗe baki gaban sarki ba ranka ya daɗe?” Tana da hujja. Al'adar masu irin wannan littafi a Amurka ita ce, in mutum yana magana da wani harshe, sai a rubuta maganar da Ingilishi a sa mata wata alama, mai karatu ya ƙaddara cewa fassara ce.

Wani ya ce shi abin da ya ba shi haushi, labarin sarkin Afirka ne amma wani Bature matsoraci, Everett Ross, ma'aikacin gwamnatin Amurka, shi ke ba da shi, kuma yana ba da shi a birkice, ya faro daga ƙarshe ya koma tsakiya. Abokinsa ya tare shi, ya ce ai nan ne daɗin yake: Baturen shi ne abin dariya, sarki kuwa maganarsa kaɗan ce, kuma haka sarauta take, ko a fadar Sarkin Abzin ba sarki ke yawan magana ba. Kan zane kuwa, wani ɗan gidan maƙera ya ce mai zanen ya iya hannu da kafaɗa, mutanensa suna da nauyi kamar za ka taɓa su, amma duhu ya yi yawa. Ya ƙara da cewa matan nan biyu an sa musu guntuwar riga da takalmi mai tsini, wanda ko gudu ba a yi da shi balle faɗa. Ƴan matan ajin suka ce wannan zanen namiji ne, don idon maza aka yi shi.

Awa guda muka yi. Abin da na ji a wannan zama shi ne nazarin adabi, wanda na shekara ina roƙonsu su yi a kan littattafan da ke cikin manhaja suna kallona shiru. Wannan ne ya sa na koma na bi tarihin irin waɗannan littattafai, ina neman amsar tambaya ɗaya: a tsawon shekarun nan, wa ya taɓa tambayar yaron da ke karantawa ra'ayinsa?

In fara da kaina. Da bede na koyi karatun Faransanci kafin littafin aji ya yi mini amfani. Muna yara akwai wani mai tebur kusa da tasha da ke ba da hayarsu, dala biyar ka karanta a wurin ka mayar. Direbobi da ma'aikatan ma'adinin Arlit ke kawo su. Waɗanda suka fi farin jini su ne Akim da Zembla da Blek. Akim asalinsa daga Italiya ne, Zembla kuwa kamfanin Lug na birnin Lyon ya fara fitar da shi a 1963. Dukansu biyu an zana su da farar fata, sun girma a dajin Afirka, namun daji na yi musu biyayya, baƙaƙen da ke cikin labarin kuwa ko dai ana cetonsu ko ana dukansu. Mun yi ta gardamar wa zai kayar da wani tsakanin Akim da Zembla, har da dambe. Ba babban da ya taɓa zama ya tambaye mu me ya sa sarkin dajinmu kullum Bature ne. Malami in ya kama, ya ƙwace. Uba in ya gani, ya ce shirme ne.

Wannan ƙwacen ya girme mu. Superman, wanda daga gare shi aka fara lissafin jarumai masu ƙarfin da ya wuce na ɗan Adam, ya fito ne a 1938, aikin wasu samari biyu na birnin Cleveland, Jerry Siegel marubuci da Joe Shuster mai zane. Shekara goma bayan haka, a wasu garuruwan Amurka har tara littattafan zane ake yi a filin makaranta a cinna musu wuta. A 1954 wani likitan ƙwaƙwalwa, Fredric Wertham, ya fitar da littafi yana cewa su ke lalata tarbiyyar yara. A shekarar ce wani kwamitin Majalisar Dattawa ya zauna a kan batun, kamfanoni suka tsorata suka kafa wa kansu hukumar tacewa. Wertham ya ce hujjarsa daga bakin yaran da yake dubawa ta fito. Sai a 2012 wata malamar jami'a, Carol Tilley, bayan ta bi takardunsa ɗaya bayan ɗaya, ta nuna cewa ya sauya maganganun yaran, ya canza shekarun wasu, ya haɗa zancen yara daban-daban ya mai da shi na mutum ɗaya. Wato ko a lokacin da aka ce an saurari yara, an gyara musu baki ne don su faɗi abin da babba ke so.

Faransa, wadda ta hanyarta littattafan suke iso mana, ta riga Amurka yin doka. Ranar 16 ga Yulin 1949 ta kafa dokar sa ido kan duk abin da ake bugawa don yara, da hukumar da ke dubawa. A 1969 kamfanin Lug ya fara fassara jaruman Marvel a wata mujalla mai suna Fantask, hukumar ta nuna rashin amincewa, mujallar ta tsaya bayan fitowa 7. Da suka dawo da wata mai suna Strange a 1970, sai suka sa masu zanensu suna bin shafukan Amurka suna gogewa: a rage munin fuskar dodo, a cire manyan haruffan da ke nuna ƙarar duka, a sassauta faɗa. Saboda haka Spider-Man ɗin da ya iso teburin mai haya a Agadas an riga an yi masa aski a Lyon, bisa abin da wasu manya a Faransa suka ga ya dace da yaran Faransa.

Da aka zo yi wa yaran Afirka nasu na kansu, nan ma daga waje aka yanke shawara. A 1966 aka fara mujallar Kouakou, jaruminta yaro ne baƙar fata, ana raba ta a ƙasashen da Faransa ta raina, amma a Faransa ake shirya ta da kuɗin gwamnatin Faransa. A Najeriya kuwa, a 1975 aka fara Powerman, jarumi baƙi mai tashi sama, ana fitar da shi duk mako biyu. Masu zanensa Turawan Ingila ne, Dave Gibbons da Brian Bolland, waɗanda daga baya suka yi suna a duniya. Gibbons ya ba da labarin cewa an umarce su su sa wa kowane gidan zane lamba, 1, 2, 3, wai don mai karatu na Afirka ba zai gane inda zai bi ba. Da ya tambayi dalilin da ya sa ba a ba ƴan Afirka aikin ba, aka ce masa za su fito nan gaba in abin ya karɓu.

Duk lokacin da na tuna lambobin nan sai in tuna Dabous, a kan hanyar Arlit, inda mutanen da suka zauna ƙasar nan dubban shekaru da suka wuce suka sassaƙa raƙuman dawa biyu a jikin dutse, babban ya haura mita 5. Daga bakin kowanne an ja layi ya sauko zuwa ga wani ɗan ƙaramin mutum. Jikokin masu wannan aiki ne aka ce sai an ƙirga musu hoto.

Mafi munin misali a Afirka ta Kudu ya faru. A 1975 aka fito da Mighty Man, jarumi baƙi mai rufe fuska, yana yaƙar ɓarayi da ƴan daba a unguwannin baƙaƙe, amma bai taɓa ɗaga hannu kan dokar wariyar launin fata ba. Daga baya ta bayyana cewa ma'aikatar watsa labaran gwamnatin wariya ce ke biyan kuɗinsa a ɓoye. Masu karatu ba su jira an tona ba. A boren Soweto na 1976 an ƙona rumfunan da ake sayar da shi, kuma bai daɗe ba ya mutu. Ba a buɗe musu shafin wasiƙa da zai ɗauki abin da ke ransu ba, sai suka ba da amsa da ashana.

Akwai kuma inda aka saurara, kuma nan ne darasin yake a gare mu malamai. Tun farkon shekarun 1960 Marvel ta ware shafi a ƙarshen kowace fitowa don wasiƙun masu karatu. Yaro zai rubuto ya ce labarin watan jiya ya yi rauni, ko mai zane ya manta ya sa wa jarumi safar hannu a shafi kaza, edita Stan Lee ya buga wasiƙar ya ba da amsa. A 1963 an buga wasiƙar wani yaro ɗan makaranta mai suna George R. R. Martin a mujallar Fantastic Four, wanda ya girma ya rubuta littattafan da aka yi Game of Thrones da su. A wannan mujallar ce kuma Black Panther ya fara bayyana a 1966, a fitowa ta 52. Yaran da aka ba su wuri su soki labari da zane, da yawansu su ne suka zama marubuta da masu zane na gaba.

Sauraron ma yakan wuce gona da iri in kasuwa ta shigo. A 1988 kamfanin DC ya ba masu karatu lambar waya biyu, su zaɓa ko a kashe Robin, yaron Batman, ko a bar shi. Mutum 5,343 suka ce a kashe, 5,271 suka ce a bari. Da ratar ƙuri'a 72 aka kashe shi, kuma kowane kira sai da aka biya kuɗinsa. Wannan ƙidayar kai ce. Abin da ke gina yaro shi ne a ce masa ya kawo dalili, kamar yadda shafin wasiƙa ke yi.

Su ma matan Wakanda ba su tsaya yadda Texeira ya zana su ba. A fim ɗin Black Panther na 2018, wanda Ryan Coogler ya shirya, sun fito da aski ƙwal da sulke da mashi, abin da ɗan maƙeran ajina ya ce ya kamata tun farko. Mai tsara tufafin fim ɗin, Ruth Carter, ta ɗauko shigar ƙabilar fatake ta Wakanda daga shigar Abzinawa, kuma aikin ya ba ta kyautar Oscar a 2019. Harshen fim ɗin kuwa Xhosa ne na Afirka ta Kudu. Hausa ta shiga Wakanda ba a yi mana sallama ba, ta fita ba a yi mana ban kwana ba, rawaninmu da shuninmu kuma suka ciyo wa wasu kyauta.

Ba na faɗin wannan don kuka. Mu ma muna da namu tarihin, na jarumai da na masu karatu masu mayar da magana. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara a Zariya a 1939 Abubakar Imam yana edita, wasiƙun masu karatu na cikin abin da ya sa ta shiga zuciyar jama'a. Gandoki na Bello Kagara, ɗaya daga cikin littattafan gasar 1933, jarumi ne da ya yaƙi Turawa sannan ya wuce ƙasashen aljannu yana yaƙi. Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa ya taso ba ya iya tafiya, aka ba shi ƙarfin da ba mai irinsa, kuma asalin labarin daga Rasha aka ɗauko shi aka yi masa riga da wando na Hausa. A nan Nijar, Moustapha Alassane, wanda ya zauna Tawa har rasuwarsa a 2015, yana cikin waɗanda suka fara fim ɗin zane mai motsi a Afirka. A 1966 ya yi wani fim kan saurayin da ya dawo daga tafiya da kayan kaboyi ya raba wa abokansa, suka hau dawaki suka addabi ƙauyensu. Tun a lokacin ya ga abin da jarumin aro ke yi wa matashi in ba a zauna an tattauna da shi ba. A kwanan nan kuma wani ɗan Najeriya, Roye Okupe, ya yi littafin zane na Malika, sarauniya mayaƙiya da ya gina kan tarihin Amina ta Zazzau.

Na san damuwar iyaye, ni ma uba ne. Fitowar nan ta 1998 ba ta yaron firamare ba ce: akwai kisan ƙaramar yarinya a cikin labarin, akwai shigar da ba ta dace ba, har wani shaiɗani yana ƙwanƙwasa ƙofa. Wani uba ya ce mini shi abin da ke damunsa a nuna mutum da ikon da na Allah ne kaɗai. Maganarsa abin dubawa ce, kuma ba a kan littattafan Turawa kaɗai ta tsaya ba. Naif Al-Mutawa na Kuwait ya fito da jarumai Musulmi a 2006 da sunan The 99, aka yaba masa a wurare da yawa, amma a 2014 malaman Saudiyya suka ba da fatawar haramta shi. Abin da na ce wa uban shi ne, mu da muka tashi da Gizo da Dodo da Iliya ba mu rikita tatsuniya da tauhidi ba, domin akwai kaka a kusa da ke rufe labari da ƙurunƙus. Yaron yau a waya yake karatu, shi kaɗai cikin dare. In ka ƙwace na takarda, na wayar yana nan, abin da ka rasa kawai shi ne damar jin abin da yake tunani.

Shawarata ga malami da uba ba ta da tsada. Ka karanta littafin kafin ka yanke hukunci, minti ashirin ya isa. In bai dace da shekarun yaron ba, ka faɗa masa dalili. In ya dace, ka yi masa tambayoyin da shafin wasiƙa ke jawowa: wa ke ba da labarin, kuma me ya sa shi? Wa aka zana da girma, wa aka ƙanƙantar? Da kai ne mai zanen, me za ka sauya? Sannan ka sa ya rubuta amsar, da Hausa in ya fi sakewa da ita. Tun da kundin da aka kafa a watan Maris na 2025 ya ba Hausa matsayin harshen ƙasa a Nijar, za a buƙaci abin karantawa da yara za su ɗauka da son ransu, kuma masu rubuta shi da zana shi suna zaune a azuzuwanmu yanzu.

Ɗalibaina bakwai ba su tsaya kan suka ba. Sun yi shafi huɗu kan Kawsan, wanda ya yi wa sojan Faransa ƙawanya a Agadas daga Disamban 1916 zuwa Maris na 1917, da goyon bayan Sarkin Abzin Tagama. Sun yi kwana biyu suna gardamar ko a ba shi ikon tashi sama, daga ƙarshe suka ce a'a, raƙumi da bindiga da ya yi amfani da su sun isa. Yarinyar nan ta rubuta maganganun da Hausa, wani ya sa na mayaƙan da Tamashek. Ɗan maƙera ya zana takoba da hasumiyar babban masallaci. Ba wanda ya sa wa gidan zane lamba.

Na kai shafukan wurin wani dattijo maƙwabcina da bai yi boko ba. Ya fara daga dama kamar yadda yake karanta allo, ya ga bai tafi ba, ya koma hagu da kansa ya bi har ƙarshe. Sai ya ɗora yatsa kan fuskar Kawsan ya ce, “Wa ya zana wannan? Ku gaya masa mutum irin wannan ba ya sauke amawali a gaban jama'a, bakinsa a rufe yake.” Da na isar da saƙon, yaron ya ce, “Mushe, in na rufe bakin ta yaya za a san yana cikin fushi?” Na koma na faɗa wa dattijon. Ya ce, “Ya sa fushin a ido.”

Yaron ya goge fuskar sau uku kafin ta zauna. Shafukan suna manne a bangon ajinmu, kuma na ajiye kaye a ƙarƙashinsu don duk wanda ya karanta ya rubuta abin da ya gani. Zuwa makon jiya an cika shafi tara, har da wani ɗan aji na ƙasa da ya rubuta cewa ƙafar raƙumin ta baya ta yi gajarta.